Ƙaramin littafi a aljihu: yadda nake ci gaba da karatun likitanci

Ina da aljihun tebur cike da takardun shaidar halartar tarukan ƙara wa juna sani. In ka tambaye ni me na sauya a wajen duba marasa lafiya saboda su, sai in yi ta kame-kame. Ashe ba ni kaɗai ba ne. A 1999 Dave Davis da abokan aikinsa sun tattaro bincike a JAMA, mujallar ƙungiyar likitocin Amurka, suka ga lacca zalla, a zauna a saurara a tashi, ba ta cika taɓa aikin likita ba. Zaman da ake tattauna matsalar majiyyaci, ko a gwada abu da hannu, shi ke yin tasiri.

Don haka ka fara daga ɗakin duba marasa lafiya. Nemi littafin da zai shiga aljihun rigar aiki. Duk sanda ka ji wata 'yar tantama, rubuta ta nan take, kafin na gaba ya shigo. Ga wata tawa: dattijuwa mai ciwon suga, ƙodarta ta fara rauni, a wane mataki zan dakatar da metformin, maganin sugan da take sha? Da yamma na duba. In eGFR, wato ma'aunin aikin ƙoda, ya sauka ƙasa da 30, a tsayar. Layi ɗaya na rubuta a ƙasan tambayar. Ka da ka ce za ka tuna anjima, wallahi kafin ka cire riga ta gudu. Binciken da Covell da abokan aikinsa suka yi a 1985 ya nuna likitoci na samun kusan tambaya 2 a kan kowane majiyyata 3, kuma yawancin tambayoyin ba sa samun amsa lokacin ganawar.

Bayan mako ɗaya, rufe amsar da yatsa ka tambayi kanka. Maimaita bayan wata guda. Jarraba kai a kai a kai ya fi sake karantawa zaunar da abu a ƙwaƙwalwa.

Abin da ya fi mini ɗaci shi ne wannan: ka da ka yarda da kanka wajen auna inda kake da rauni. A 2006 Davis ya sake dubawa, cikin kwatance 20 tsakanin yadda likitoci ke ganin kansu da yadda aka auna su, 13 ba su yi daidai ba. Saboda haka duk bayan wata uku ɗauko fayil 20 na masu hawan jini da ka gani, miƙa wa abokin aikin da ba ya jin nauyinka, ya ƙirga mutum nawa ne jininsu ya sauka inda ake so. Ranar da aka fara yi mini, na rubuta tambayoyi huɗu a littafin kafin in tashi daga kujera.