Darasi na 9: Gyambon da ya ƙi warkewa

Sau da yawa za ka ji ana cewa, "Daji ba ya son ƙarfe." Wato wai ciwon daji (kansa) ba ya son a yanke shi. Wannan magana ta cuci bayin Allah da dama. Dajin fata, in an gano shi da wuri, yanke shi ne babban maganinsa.

A wajenmu ya fi kama zabiya, domin rana na ƙona musu fuska, kunne, leɓe da wuya. Yana kuma fitowa a tsohon tabon ƙuna, ko a gyambon da ya shekara yana ruwa. Akwai wani mai suna melanoma, wanda kan fara kamar baƙin tabo a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce. Shi ne mafi haɗari, ga shi manomi kan ɗauka ƙaya ce ta soke shi.

Ciwon da ya wuce wata 1 bai warke ba, yana faɗi, yana jini, bakinsa ya yi tauri, kada a kai wa wanzami, kada a barbaɗa masa gari. A tafi asibiti. Muna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, da Asibitin Koyarwa na Tarayya a Gombe.

Likita zai fara gutsurar ɗan nama a kai gwaji. In ciwon ƙarami ne, allurar kashe zafi kawai za a yi a wurin, kana farke. Zai yanke ciwon haɗe da ɗan lafiyayyen nama a kewayensa, kamar milimita 4 zuwa 6 ga mai sauƙi. Nan ne mutane kan yi ƙorafi: "Likita, ai nan lafiya lau ne!" Amma manomi ya san ba a cire ciyawa a bar saiwa. Abin da aka yanke ma sai an sake duba shi, a tabbatar ba a bar saura ba.

In ramin ya yi faɗi, akan yanko siririyar fata daga cinya a lulluɓe shi. Zaren ɗinkin da aka yi a fuska akan cire shi cikin mako 1, na ƙafa kuwa yakan kai mako 2. Ka koma ranar da aka rubuta maka, ko da ka ji garau, kuma in kaluluwa ta fito a hantsa, hammata ko wuya, ka faɗa wa likita nan take.

Aikin aji: Rubuta alamu 3 na gyambon da ya kamata a kai asibiti.