Fitilar katako a gidan Damagaram: yadda za ka zaɓa ba tare da an kayar da itace ba

Aikina haɗa wutar kuran a gidaje, kuma a 'yan shekarun nan masu sabon gini a Zinder suna yawan nuna mini hoto a waya, fitila mai rigar katako rataye a falo ko zaune kan tebur, su ce irinta suke so. Ina jin daɗin aikin, don katako yana tausasa haske, kuma in ya tsage kafinta yana gyarawa, saɓanin roba da zafinmu ke gasawa har ta farfashe. Amma kafin a shiga zancen fasali, nakan sa maigida ya tambayi kafinta abu ɗaya: Malam, wannan itacen daga ina ya fito?

Tambayar tana da nauyi a ƙasarmu. Dattawa har yau suna ba da labarin yadda Sarkin Damagaram Tanimun ya hana saran gawo a ƙarni na 19, da hukunci mai tsanani ga wanda ya karya dokar. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya bar gero ya sha rana, ya ba dabbobi 'ya'ya da rani. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, manoman Maradi da Zinder suka kama sassabin zamani, suna barin tohon itatuwa ya tashi a gona, har aka ƙiyasta hekta miliyan 5 sun sake yin kore. Wanda ya bi hanyar Matamaye ko Magarya ya gani da idonsa. To, abin da aka raina da wannan wahala bai kamata ya ƙare a saman teburin falo ba. Tun dokar daji ta 1974, gawo da giginya da maɗaci da maɗobiya da aduwa suna cikin itatuwan da aka ba kariya, ba a saransu sai da izinin ma'aikatan gandun daji.

Don haka zaɓina na farko kullum tsohon katako ne. Ƙyauren ɗaki da aka cire, ƙafar gado, allon tebur da ya karye, akushin da ya tsage, turmin kirya da gindinsa ya ɓule. Turmin nan in aka yanke shi aka goge, yana yin gindin fitila mai nauyin da yaro ba zai iya turewa ba, launinsa kuma ja ne mai duhu da ba ya bukatar fenti. Tsohon katako ya riga ya sha hunturu da bazara, ya gama motsinsa. Sabo kuwa, in an sassaƙa shi da ɗanyensa cikin damina, iskar hunturu tana kaɗawa za ka ji ya yi ƙara ya tsage, ramin kusa ya saki.

Duba shi a rana kafin ka biya. Juya shi ka ƙwanƙwasa. In ka ga ƙananan huji da gari mai laushi yana zubowa, gunda na ciki, bar musu kayansu. In ƙarar ta fito kamar ba kome a ciki, gara ta cinye shi ta bar ɓawo. Tsohon fenti ma abin lura ne, don wasu suna da dalma, wadda ke cutar da ƙwaƙwalwar yara. A kankare shi a shagon kafinta, ba a tsakar gida inda yaro ke rarrafe ba. Katakon ɗora kaya da ake saukewa daga manyan motoci yana da hatimi a gefe. HT na nufin da zafi aka kashe ƙwarinsa, wannan ba laifi. MB na nufin hayaƙin guba aka yi masa, kada ya shiga ɗaki.

In tsoho bai samu ba, sai dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi. Asalinsa daga Indiya yake, ya cika titunan gari da harabar makarantu, kuma in an sare reshensa yana sake tohowa da ƙarfi. Gara ba ta cika son sa ba. Duk lokacin da maƙwabci ya rage rassan da suka kai ga wayar kuran, nemi mai kauri guda, ka cire ɓawon, ka jingine shi a inuwa inda iska ke ratsawa, ba a ƙasa ba, ya yi watanni. Itacen turare ma yana tohowa bayan sara, amma ya fi saurin tsagewa, sai dai a yi sanda ko ƙafa da shi.

Rigar fitilar ba dole ta zama katako duka ba. Ƙwarya, duk damina ake shuka ta. A kife babba guda, a huda ta da zane, haske ya watsu a bango. Masu saƙar kaba a kasuwar Dole, musamman ranar Alhamis, suna iya saƙa maka kwando mai faɗin baki in ka nuna musu girman da kake so. Ni dai na fi son gindin katako da rigar kaba, don ba nauyi a sama, kuma in ta tsufa a sake ta da kuɗi kaɗan.

Wanda ya kawo maka sabuwar maɗobiya yana yabon kyanta, ka yi masa godiya ka wuce. Saranta da aka yi ta yi a Afirka ta Yamma ana lodawa zuwa Sin ne ya sa aka saka ta cikin yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikin itatuwa da namun daji masu ƙarewa, tun 2017, maɗaci ma aka amince a saka shi a 2022. Jan katako da farin katako da ke zuwa daga kudu, mai sayarwa kansa bai cika sanin dajin da aka saro su ba. In shigo da fitila za ka yi daga waje, nemi tambarin FSC, na ƙungiyar da aka kafa a 1993 don tantance dazuzzukan da ake sara bisa ƙa'ida, ka tabbatar akwai lamba a ƙarƙashinsa. Ka kuma kula da allon garin katako da aka matse da gam aka lulluɓe da takarda mai zanen itace. Ruwa na taɓa shi sai ya kumbura, kuma ba ya gyaruwa.

Yanzu ɓangarena, wato wutar. Katako da kaba da ƙwarya duk abincin wuta ne, saboda haka ƙwan da za a saka shi ne rabin maganar. Tsohon ampul mai zare yana mai da kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ya sha zuwa zafi. A watan Afrilu, ɗaki ya haura digiri 40, ka ƙara masa wannan cikin kwandon kaba, ai ka san abin da kake nema. LED kawai. Mai wat 9 yana ba da haske kusan lumen 800, daidai da tsohon mai wat 60. In kana kunnawa awa 5 kullum, tsohon zai sha kilowat-awa 9 a wata, LED bai kai ɗaya da rabi ba, kuma takardar kuɗin wuta ta kamfanin NIGELEC za ta nuna. Duk da haka gindin LED yana ɗumi, kuma zafi ne ke kashe shi da wuri. A bar tazarar yatsu uku zuwa huɗu tsakaninsa da riga, a bar ƙofa a sama da ƙasa don iska ta wuce.

A kwalin za ka ga lamba mai K. Daga 2700 zuwa 3000 haske ne mai ɗan ja-ja, shi ke fito da kyan itace, ya dace da falo da ɗakin kwana. Mai 6500 fari ne fat, wanda ya fi yawa a shagunanmu, cikin katako kuma sai ya kashe launin. Inda yara ke bitar karatu, 4000 ya fi.

Mariƙin ƙwan ya zama irin wanda ake samu ko'ina, E27 mai murɗawa ko B22 mai ƙugiya. Fitilar da aka manne haskenta ciki ba a cirewa, ranar da ya mutu ta zama kwalliya. In gidanka sola kake amfani da ita kai tsaye daga batir, ƙwan bolt 12 za ka nema, don na kuran bolt 220 ne. Ramin da waya za ta bi cikin katako a goge bakinsa a sa masa zoben roba, kuma kada nauyin fitila ya rataya a kan wayar, a sa sarƙa ko igiya daban. Haɗin da aka naɗe da leda a ɓoye cikin itace, ban yarda da shi ba ko na ɗan lokaci ne.

Wajen shafe, kakin zuma da aka narka da ɗan mai ya wadatar, a shafa a goge da tsumma. In an fi son fenti mai ƙyalli, a bar shi ya bushe a waje har warinsa ya tafi kafin ya shiga ɗakin yara. A gida mai ƙananan yara, ta bango ko ta rataye ta fi ta tebur, don waya ba ta jan ƙasa. Sassaƙa mai yawan lungu kuwa, Hajiya ce za ta sha aikinta, ƙurar hunturu tana cika kowane rami cikin kwana biyu. Zaɓi mai santsi wadda busasshen tsumma zai share. Ta tsakar gida a sa ta ƙarƙashin rumfa inda feshin ruwa ba ya kaiwa, ƙasanta a buɗe don ƙwarin damina su zube, a kuma nisanta ta da bangon ƙasa, don ta nan gara ke hawa.