Yadda na gyara ƙwannafi da rashin barci a zafin Delhi

Ni ɗan Sakkwato ne, don haka da na zo karatu Delhi na raina zafinsu. Watan Mayu ya nuna mini kuskurena. Zafi ya haura digiri 40, ƙwannafi ya dame ni, ƙurajen zafi suka feso mini a wuya, barci ya gagara. Ruwan ƙanƙara kuwa kamar ƙara min ƙishi yake.

Matar mai gidan da nake haya ce ta ce matsalata pitta ce. A Ayurbeda, maganin gargajiyar Indiya, jiki na tafiya ne a kan abu uku: vata, pitta da kapha. Pitta ita ce ta wuta, kuma yaji da tsami da gishiri da soye-soye suna rura ta. Ni kuwa kullum sai na barbaɗa yajin da na taho da shi daga gida.

Yajin na fara ajiyewa, da ƙyar. Sai na daina ruwan firji na koma na randar ƙasa, wadda suke kira matka, irin dai tamu ta tsakar gida. Su masu Ayurbeda a wurinsu ƙanƙara tana kashe wutar narkar da abinci. Bayan abincin rana ina shan chaas, wato tsinkakken kindirmo da aka kaɗa da ruwa. Da yamma kankana ko ruwan kwakwa. Ƙailula ma sun yarda da ita a bazara, wadda a yawancin shekara suke hanawa.

Cikin mako biyu ƙwannafin ya lafa, barci ya dawo. Ƙurajen ne suka yi taurin kai har saukar damina a ƙarshen Yuni.