Yadda za ka gane canjin sautin Fields of the Nephilim da kunnenka

In kana son ka fahimci yadda masu kiɗan goth, wato wani reshen kiɗan rock mai ɗauke da duhu da jimami, ke barin sauti mai sanyi su koma mai nauyi da duhu, to ka fara da Fields of the Nephilim, 'yan garin Stevenage ne a Ingila, sun haɗu a 1984, Carl McCoy ne mai waƙar. Su nasu canjin a fili yake, ba sai an yi maka dogon bayani ba, kunne kawai za ka ba shi. Amma fa ka nemi hedifon mai kyau tukuna, sifikar waya ba ta fitar da bas, wato sautin ƙasa mai kauri, kuma rabin abin da za mu yi magana a kai a bas ɗin yake.

Ka bi albam ɗin a jere, kar ka yi tsalle. Dawnrazor na 1987 shi ne farko, a nan za ka ji ƙanshin kiɗan finafinan kaboyi na Italiya, har shigarsu ma haka take, hula mai faɗi da doguwar riga, suna barbaɗa garin fulawa a jiki don a ga kamar ƙura. Kar ka daɗe a nan. Wuce The Nephilim na 1988 ka saurari Last Exit for the Lost har ƙarshe, tana farawa a hankali sannan ta dinga ƙara gudu, wannan ya nuna maka tun lokacin suna da ƙarfin a jikinsu, riƙe shi kawai suke yi.

Sai Elizium na 1990, nan ne nake so ka zauna sosai. Ka sa shi daga farko har ƙarshe ba tare da ka taɓa komai ba domin waƙoƙin suna shiga cikin juna ne. Sauraron farko ka bi bas ɗin Tony Pettitt shi kaɗai, za ka ji shi ne ke jan waƙar, jitocin kuma suna yawo a samansa da amsa-kuwwa mai tsawo, kowane sauti sai ya daɗe yana shawagi kafin ya mutu. A na biyu ka koma kan muryar McCoy, tana da kaushi amma yana jan kalma, yana barin fili tsakanin layi da layi. Wannan filin shi ne abin da za ka riƙe a ranka, a ganina duk duhun Elizium daga faɗin wurin yake fitowa, kamar mutum shi kaɗai a fili da tsakar dare.

A 1991 McCoy ya rabu da sauran, su suka kafa ƙungiyar Rubicon, shi kuma ya tara sabbin makaɗa ya kira su Nefilim, sai a 1996 suka fitar da Zoon. Toh yanzu ka sa waƙar Xodus ko Penetration daga cikin Zoon kai tsaye bayan ka gama Elizium, kuma don Allah kar ka ƙara murya, ka bar ta yadda take, in ba haka ba za ka ɗauka ƙara ce ta kawo nauyin alhali ba ita ba ce. Abin da za ka lura da shi na farko jita ce, ta daina shawagi ta koma gajerun bugu masu kauri, mai kaɗawa yana danne tsirkiya da gefen hannu sautin ya fito a shaƙe, irin na 'yan metal, wato masu kiɗan rock mai nauyi sosai. Ganga kuma ta ƙafa ta ninka gudu tana cike duk wani gurbi da a da ake barinsa, bas ya daina jagoranci ya manne da jita suna tafiya tare, muryar kuma ta sauka ta zama gurnani. Filin nan da na ce ka riƙe, nemi shi, za ka ga an toshe shi.

Wasu tsofaffin masoyansu ba su ji daɗin Zoon ba, ni kam ina ganin an yi masa rashin adalci, ka saurari Shine da Melt za ka ji McCoy ɗin da ka sani yana nan bai je ko'ina ba. Abu ɗaya da ya kamata ka sani kafin ka shiga, baitocinsa cike suke da tatsuniyoyin mutanen Sumer, wata tsohuwar al'umma a yankin Iraƙi ta yau, da zancen tsafi, in wannan bai kwanta maka ba ka bi kiɗan kawai.

Daga nan sai Mourning Sun na 2005 da ya fito da tsohon sunan Fields of the Nephilim, a can McCoy ya haɗa biyun, nauyin Zoon da faɗin Elizium. In kai furodusa ne ka gwada a situdiyo, ɗauki waƙa ɗaya ka rage amsa-kuwwa, ka ninka jitar hagu da dama, ka sa bas ya bi ta bugu da bugu, sannan ka kwatanta da ta farko a murya ɗaya.