Yadda ake gano matsalar kwamfutar da ka haɗa da kanka idan ta ƙi tashi bayan ka buɗe ta

Jiya kwamfuta tana aiki lafiya lau. Yau ka buɗe ta ka kakkaɓe ƙura, ko ka ƙara mata RAM, wato sandunan ma'adanar bayanai ta wucin gadi, ko ka sake shafa wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, man sanyaya, ka rufe, ka danna makunni, shiru. Kada ka fara lissafin kuɗin sabon madabod, babban allon da duk kayan ke haɗuwa a kansa, tukuna. Ba kasafai kayan kwamfuta ke mutuwa don an share su ba. Galibi wani abu ne da hannunka ya taɓa bai koma mazauninsa daidai ba. Saboda haka daga inda ka taɓa za ka fara bincike, kuma abu ɗaya za ka riƙa canjawa, ka gwada, sannan ka wuce gaba. Wanda ya cire RAM da batir da wayoyi a tashi ɗaya, ko ta tashi ba zai san abin da ya gyara ba.

Duk lokacin da za ka sa hannu a ciki, zare wayar wuta daga soket, danna makunni ka riƙe na kamar daƙiƙa goma don sauran wutar da ke ciki ta fita, sannan ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa komai.

Idan babu motsi ko kaɗan

Fanka ba ta juya ba, babu fitilar da ta kama. Fara da bayan akwatin: akwatin wuta, wanda ke raba wa sauran kayan wuta, yana da nasa makunni mai alamar I da O, kuma sai yana kan I yake ba da wuta. Abin dariya ne, amma masu buɗe kwamfuta da yawa sukan kashe shi su manta. Daga nan sai babbar wayar nan mai ƙafa 24 da ke shiga madabod. Tana da tauri, tana iya zama kamar ta shiga alhali gefe ɗaya a ɗage yake. Danna ta har ƙugiyarta ta kama. Haka za ka yi wa mai ƙafa 8 da ke can saman allon kusa da furosesa, wadda aka fi mantawa idan an cire na'urar sanyaya. Kula, wayar katin hoto, katin da ke aika hoto zuwa monita, ita ma ƙafa 8 gare ta, amma ita takan rabu 6 da 2, ta furosesa kuwa 4 da 4. Ba a musanya su.

Idan duk waɗannan sun zauna, dubi 'yan siraran wayoyin da ke ƙasan allon, waɗanda suka fito daga gaban akwati. Burushi kaɗai ya isa ya tuge su. Nemi ƙafafu biyu da aka rubuta wa PWR_SW ko makamancin haka, littafin madabod zai nuna maka su, ka mayar da wutar, ka haɗa su da bakin sukudireba na ɗan lokaci kaɗan. Idan ta tashi, makunnin gaba ko wayarsa ce matsalar, ba wani babban abu ba.

Idan fanka tana juyawa amma allon monita baƙi ƙirin

Nan aka fi samun mutane. Da farko, ina ka soka wayar monita? Idan kana da katin hoto, a jikinsa za ta shiga, ba a ramin madabod ba. Wasu furosesa ma ba su da sashen hoto sam, kamar na Intel masu harafin F a ƙarshen lambarsu.

Sai RAM, wadda a ganina ita ce ta farko a jerin waɗanda ake zargi. Cire su duka, ka mayar da guda ɗaya tak a ramin da littafin ya ce a fara da shi. A allo mai ramuka huɗu yawanci shi ne na biyu daga furosesa, wanda aka rubuta wa A2. Daidaita tsagar da ke ƙasan sandar da ramin, danna ƙarshen biyu da ƙarfi har ka ji ƙas, maƙallin ya rufe da kansa. In ba ta tashi ba, gwada ɗaya sandar a wannan ramin. Idan RAM ɗinka nau'in DDR5 ce, yi haƙuri: tashin farko bayan an taɓa ta yakan ɗauki mintoci allon monita na baƙi, madabod na daidaita kansa da ita. Da yawa sukan kashe a tsakiya su ce ta mutu.

Madabod na zamani da yawa suna da ƙananan fitilu huɗu masu suna CPU (furosesa), DRAM (RAM), VGA (katin hoto) da BOOT (faifan tashi). Wadda ta tsaya a kunne, nan tashin ya maƙale. Idan VGA ce, zare katin hoto ka sake zaunar da shi, ka duba wayar wutarsa.

Idan ta tashi ta mutu nan take

Wannan na nuna zafi ko haɗuwar wuta. Tabbatar wayar fankar furosesa tana kan ƙafafun da aka rubuta wa CPU_FAN, na'urar sanyaya ta kwanta sosai, kuma in sabuwa ce an ɓare ledar da ke ƙasanta. Ɗaure notocinta a gicciye, kaɗan-kaɗan, domin matsewa fiye da kima na iya hana allon ganin RAM. Karkata akwatin ka saurara, noti guda da ya faɗa bayan madabod ya isa ya hana ta tashi.

Masu furosesar AMD ta soket AM4 (soket a nan shi ne mazaunin furosesa a kan madabod) su ƙara lura. Tsohon man yakan manne har furosesa ta biyo na'urar sanyaya lokacin cirewa. In haka ta faru, ɗaga hannun soket kafin ka mayar da ita, ka haska ƙafafunta da tocila ka ga ko wata ta lanƙwashe. A Intel da soket AM5 na AMD ƙafafun suna cikin soket ɗin ne, kada yatsa ko tsumma ya kusance su.

Idan har yanzu shiru

Mayar da BIOS, wato saitunan madabod, yadda ya fito daga kamfani. Zare wuta, cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, jira minti biyar, ka mayar. Amma in faifanka na kulle da BitLocker, makullin faifai na Windows, tanadi lambar buɗewa mai lambobi 48 tun kafin ka yi, don Windows na iya nemanta. Bayan ta tashi sai ka gyara agogo da jerin faifan da za ta fara tashi da shi.

Mataki na ƙarshe shi ne fito da madabod waje, ka ɗora shi kan kwalinsa, da furosesa da na'urar sanyaya da RAM guda da akwatin wuta kawai, sai katin hoto in dole ne. Idan ta tashi a nan, wani abu a cikin akwatin ne ke taɓa allon. Sai ka riƙa mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ya bayyana. In kuwa a nan ma babu motsi, aro akwatin wuta mai lafiya ka gwada, tare da nasa wayoyin, domin wayoyin wani akwatin ko sun shiga ramin, tsarinsu na iya bambanta, su ƙona kaya. Shi kuma akwatin wutar da kake zargi, kada ka kwance shi. Akwai sassan da ke riƙe wuta mai kisa a cikinsa ko bayan an zare shi daga soket.