Yadda Ake Tayar da Babur da Ya Daɗe a Ajiye

Assalamu alaikum 'yan uwa. Da yawa a ƙauyukanmu na Jigawa sukan jingine babur a zaure su tafi cin rani, sai gab da damina su dawo su tarar ya ƙi tashi.

Kada a fara da buga kik. A zubar da tsohon fetur tukuna, domin idan ya yi watanni a tanki yakan yi danƙo ya toshe ƙananan hudojin kafireta, wadda ita ma dole a kwance ta a wanke. A juye baƙin mai a zuba sabo, sannan a cire fulogi, a ɗiga sabon baƙin mai kaɗan a raminsa, a taka kik a hankali har fistan ya saki. A leƙa salansa da kyau, domin zanzaro yakan yi gini a ciki, ɓeraye kuma ba sa ƙyale wayoyi. A ganina, fulogin ma gara a saya sabo.

Idan ya tashi, a bar shi ya yi ɗumi, a shafa wa sarƙa mai, a gwada birki da iskar taya kafin a ɗora kaya zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis.