Yadda Ake Sayen Kwancen Bindigar Iska Don Gasar Harbi ta Mita 10

A gasar harbi da bindigar iska daga nisan mita 10, ɗigon da ke tsakiyar takarda, wanda ake samun maki 10 idan an taɓa shi, faɗinsa rabin milimita ne kacal, wato bai wuce inda tsinin biro ya sauka a kan takarda ba. Mai harbi yana tsaye da ƙafafunsa, babu abin jingina, babu madubin da ke jawo abu kusa, zai saki ƙwayar dalma 60 cikin minti 75, ana ƙirga masa maki har da ɓurɓushi, mafi girma 10.9 a kowane harbi, jimilla 654. Tun daga gasar Olamfik ta 1984 a birnin Los Anjalis ake fafatawa a wannan fanni, kuma hukumar wasan harbi ta duniya, wato ISSF, da ke Munik a ƙasar Jamus ita ce ke tsara dokokinsa. Wanda ya fahimci ƙanƙantar wannan ɗigo zai gane cewa abin da ake saye a bindigar gasa shi ne daidaito, wato harbi na 60 ya fita kamar yadda na farko ya fita, kuma wannan abu ne da ido ba ya gani sai an gwada.

Sabuwar bindiga ta manyan kamfanoni irin su Feinwerkbau da Walther da Anschütz na Jamus, ko Steyr na Ostiriya, takan kai Yuro 3,000 ko fiye, kuɗin da idan aka juya shi zuwa naira matashin da ke Bauchi zai ji kamar ana yi masa maganar sayen fili. Shi ya sa akasarin masu farawa kwance suke nema. (Ina cewa kwance ne maimakon "ta hannu", don kada a ɗauka ƙaramar bindiga nake nufi.)

Mataki na farko takarda ce, tun kafin a yi zancen kuɗi. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sanya bindigar iska cikin rukunin makaman da ba a mallaka sai da lasisi, kuma ikon bayar da lasisin wannan rukuni yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. A shekarar 2023 rundunar ta sanar da dakatar da bayar da sabon lasisin ƙananan makamai, saboda haka ka fara zuwa hedikwatar 'yan sanda ta jiha ka ji halin da ake ciki a yau, sannan ka tuntuɓi hukumar wasanni ta jiha ko ƙungiyar wasan harbi ta ƙasa don a san da kai a matsayin ɗan wasa. Mai sayarwa kuma dole ne ya nuna nasa lasisin, ka gwama lambar da ke jikin ƙarfen bindigar da wadda ke takarda, harafi bayan harafi. Idan an kankare lambar, ko aka ce maka takardun suna Kano za a aiko daga baya, ka yi sallama ka tashi, komai arhar kayan.

Daga nan sai zaɓen iri, kuma a nan ne nake ganin mutumin Bauchi ya kamata ya yi lissafin da ya bambanta da na Bature. Bindigogin gasa iri huɗu ne ake samu a kwance. Akwai mai sifirin, kamar Feinwerkbau 300S da Diana 75 na shekarun 1970, masu ƙarko ƙwarai amma zamani ya wuce su a manyan gasanni. Akwai mai amfani da iskar CO2, irin iskar da ke cikin lemon kwalba, wadda nake ba da shawarar a bar ta gaba ɗaya, domin ƙarfin wannan iska yana hawa da sauka ne tare da zafin gari, kuma da zarar zafi ya haura digiri 31 ba ta zama ruwa a cikin tukunya yadda aka tsara bindigar ta yi aiki da ita. Mu kuwa a watan Maris da Afrilu zafi kan doshi digiri 40. Sai mai hannun ɗanawa, wadda ake ja sau ɗaya ta matse iskar harbi ɗaya, irin su Walther LGR da ta fito a 1974 da jerin Feinwerkbau 600 zuwa 603. Ta ƙarshe ita ce mai tukunyar iska, wadda duk manyan 'yan wasa suke riƙewa a yau, kamar Feinwerkbau 700 da 800, Walther LG300 da LG400, Anschütz 8002 da 9015, da Steyr LG110.

Mai tukunya ta fi daɗin harbi, domin ba ka gajiya da ɗanawa, cikawa ɗaya kuma takan ba da ɗaruruwan harbi. Sai dai ka tambayi kanka inda za ka samu iskar. Ana cika tukunyar ne zuwa ma'aunin bar 200, wasu na Walther har 300, alhali tayar ƙaramar mota ba ta wuce bar biyu da rabi ba, injin mai faci kuwa da wuya ya haura 10. A ƙasashen Turai daga tukunyar masu ninƙaya a ƙarƙashin teku ake ɗura ta, abin da ba a sayarwa a Wunti ko a kasuwar Muda Lawal. Abin da ya rage shi ne famfon hannu na musamman mai tace danshi, saboda haka ka tabbata yana cikin cinikin, tare da bakin ɗurawa da ya dace da wannan samfurin, domin na wani kamfani ba lalle ne ya shiga na wani ba. Kada kuma wani ya ruɗe ka da tukunyar masu walda ko ta asibiti: iskar oksijin idan ta haɗu da maiƙo a irin wannan matsi fashewa take yi. Ga wanda yake koyo kuma ba shi da ƙungiyar da za ta riƙa cika masa, ni dai mai hannun ɗanawa zan zaɓa masa, domin Feinwerkbau 602 mai lafiya ta fi ƙarfin ƙwarewar mai koyo na shekaru da dama, kuma ba ta neman komai sai damtsensa.

Idan an tsai da iri, sai a sa ranar gani da ido, da rana tsaka, a wurin da doka ta yarda a yi harbi. Hoto a WhatsApp ba gani ba ne, kuma tura kuɗi a kansa cinikin biri a sama ne. Ka tafi da gwangwanin ƙwayar gasa mai shafaffen kai, milimita 4.5, irin RWS R10 ko H&N Finale Match, da takardun harbi, da tocila, da sikeli, da ɗan ruwan sabulu a roba. Kafin ka taɓa komai ka buɗe mashigar ƙwaya ka tabbata babu kome a ciki, bakin bindiga kuma yana kallon bango, ko da mai ita ya rantse cewa fanko ce.

Ka fara da tukunya idan mai tukunya ce. A jikinta an buga wata da shekarar da aka ƙera ta, kuma ƙa'idar masu ƙerawa, wadda alƙalan gasa suke dubawa, ita ce shekara 10 daga wannan kwanan wata, ko an yi amfani da ita ko tana kwance a akwati. Na taɓa raka wani ƙanena unguwar Yelwa duba wata bindiga da wani dattijo ya ajiye tun lokacin da ɗansa yake wasa. Ta fito daga akwatinta tana sheƙi, ko ƙwarzane babu, yaron har ya fara lissafin kuɗi a waya. Da na kwance tukunyar na juya ta zuwa haske sai ga shekarar ta nuna ta wuce wa'adi da shekara huɗu. Na ce, "Baba, bindiga kam an riƙe ta da amana, amma wannan tukunya ta yi ritaya, sai an sayi wata." Ya karɓa ya sa tabarau ya duba, ya yi dariya ya ce shi bai taɓa sanin ƙarfe ma yana da ranar karewa kamar magani ba. Sabuwar tukunya takan kai wajen Yuro 200 ban da kuɗin kawowa, wannan kuɗi kuwa daga farashin bindiga ya kamata ya fita. Tukunyar da ta loɓa ko ta yi tsatsa a wajen zare ba a ma tsaya duba shekararta.

Bayan haka sai yoyo. Ka sa a cika tukunyar, ka rubuta inda allurar gejin ta tsaya, ka shafa ruwan sabulu a mahaɗa kamar yadda mai faci yake neman huji, ka ga ko kumfa za ta taso. Ƙaramin yoyo ba ya nuna kansa nan take, shi ya sa ya fi kyau a roƙi mai kaya a bar ta a cike ta kwana, a dawo washegari a duba allura. Mai hannun ɗanawa kuma gwajinta daban ne: a ɗana a harba nan take, sannan a sake ɗanawa a jira minti biyar kafin a harba. Idan ƙwaya ta biyu ta sauka ƙasa da ta farko, robobin ciki sun gaji. Wannan ba abin tsoro ba ne, domin bindigar da ta shekara 30 a busasshiyar iskar hunturu tamu dole robarta ta bushe, kuma kuɗin robobin kaɗan ne. Abin tambaya shi ne ko ana samunsu, da wanda zai sa su ba tare da ya zuba mata man inji ba, tunda irin waɗannan robobi man silikon kawai suke so.

Bututu shi ne abin da ba a gyarawa da arha. Ka haska tocila daga baya ka leƙa, ya kamata ka ga layukan murɗe na ciki sun fito sarai, babu tsatsa, babu rami. Ka dubi leɓen bakin bututun da kyau, inda ƙwaya take rabuwa da ƙarfe, domin ɗan ƙwarzane a wannan wuri, irin wanda sandar gogewa ta ƙarfe take bari, ya isa ya riƙa karkatar da harbi. A wasu samfuran leɓen yana can cikin wani dogon kwanso, sai an zare shi ake gani.

Sauran jiki ba ya cin lokaci. Idan gindin na katako ne, ka duba wuyan mariƙi, nan ne yake tsagewa idan bindiga ta faɗi, kuma masu dabara kan liƙe shi su shafa fenti. Kan sukurori idan ya cinye, alama ce wani ya yi ta kwance-kwance da makullin da bai dace ba. Ka tabbata ta hannun dama ce ko ta hagu daidai da kai, mariƙin ya cika tafin hannunka, madogarar kumatu da ta kafaɗa suna motsi suna kuma ɗaurewa. Ka ɗora ta a sikeli da duk abin da ke jikinta, kada ta wuce kilo 5.5, iyakar da dokar gasa ta sa. Ramin saiti na baya, wanda ake leƙawa a saita harbi, ka murɗa shi ƙas-ƙas sau 20 zuwa dama, ka dawo da shi sau 20 zuwa hagu, harbi ya koma inda yake tun farko. Idan bai koma ba, ya yi sako-sako, nagarinsa kuwa da tsada. Kunama tana da zango biyu, ta zo da laushi, ta tsaya, sannan ta karye tsaf ba tare da jan ƙafa ba, kuma a ji ta iri ɗaya sau goma a jere. Masu tukunya suna da maɓallin gwajin kunama ba tare da sakin iska ba, ka gwada shi. Mai sifirin kuwa ba a harba ta babu ƙwaya, lalata ta ake yi.

Gwaji na ƙarshe shi ne wanda ciniki ya rataya a kansa. Bindigar gasa tana fitar da ƙarfin da bai wuce jul 7.5 ba (jul ma'aunin ƙarfi ne), ƙwaya mai nauyin kusan rabin giram tana tafiya wajen mita 170 zuwa 175 a daƙiƙa. Idan an samu na'urar auna gudun ƙwaya, a harba 20 a rubuta kowanne. A nawa ma'aunin, tazarar mita biyu ko uku tsakanin mafi sauri da mafi jinkiri lafiya ce, amma idan lambobin suna tsalle da shida ko bakwai, ko suna sauka a hankali alhali tukunya a cike take, ragiletar da ke daidaita iska tana neman gyara. Ko babu na'urar, takarda za ta faɗi gaskiya. A kafa bindigar a kan jakar yashi bisa teburi mai nauyi, don a cire rawar hannun mutum daga lissafi, a auna mita 10 da tef, a harba 10 a wuri ɗaya. Bindiga mai lafiya rami ɗaya za ta bari, wanda bai fi ƙwayar kanta faɗi ba sai da kaɗan. Dalilin wannan tsanani shi ne kowane ɓurɓushin maki, wato 0.1, rubu'in milimita ne a kan takarda, manyan 'yan wasa kuwa suna haura 630, ma'ana kowane harbi nasu 10.5 ne a matsakaici. Idan ramin ya baje, kada ka yanke hukunci nan da nan, ka canza gwangwani tukuna, domin ana yin ƙwayar da kai 4.49 da 4.50 da makamantansu, kuma kowane bututu da irin wadda yake so. Idan an gwada iri uku bai haɗu ba, laifin na bindiga ne. Da yawa daga cikin waɗannan bindigogi suna fitowa daga kamfani da ɗan katin gwaji mai ramin harbin da aka yi da su, idan yana nan cikin akwati sai ka ajiye naka kusa da shi ka gwama.

Idan ta haye duk wannan, sai a zauna ciniki, kana riƙe da jerin abin da za ka kashe: tukunya, robobi, famfo, da duk wani abin da ya ɓata daga akwati, kamar makullan sukuru da littafin bayani. Ka faɗi kowanne da farashinsa cikin ladabi, domin taya mai hujja ta fi shiga kunnen mai kaya. A rubuta yarjejeniya mai ɗauke da samfuri da lambar bindiga da lambar tukunya da kuɗin da aka biya, shaidu biyu su sa hannu, kuma bindigar ta ci gaba da zama hannun mai ita har 'yan sanda su kammala mayar da ita sunanka. Ranar ɗauka a cire tukunyar a ajiye ta gefe, a zura zaren aminci mai launi ta cikin bututu ya leƙo ta baki, alamar babu ƙwaya a ciki, a rufe akwati da kwaɗo, a sa shi inda rana ba ta dukansa a cikin mota, lasisin kuma yana aljihunka saboda shingayen hanya.